Matar Mai Rumbu Tara

Bana ma ruwa ya gwada mana halinsa. Ya zubo sau ɗaya, masu gaggawa suka kwashi iri suka zuba a ƙasa, daga nan ya ɗauke ƙafa. Yau kwana ashirin da wani abu ke nan. Kullum da la'asar hadari zai taso ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, yara su jera bokitai a bakin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da zufa. Tsiron da ya fito a gonakin bakin hanyar Kibiya duk ya nannaɗe. Ni dai na hana a taɓa irinmu, kuma a gidan nan an san ni idan na hana abu.

A cikin wannan zafin ne jikata Husna ta dawo daga makarantarsu ta Rano da aikin da malami ya ba su. Wai kowa ya yi rubutu a kan littafin da ya fi so da yadda ya canza masa rayuwa. Yarinyar da har yau sai an tuna mata ta sa gishiri a miya, wace rayuwa gare ta da za a canza? Ta rasa abin rubutawa, ta tafi zaure wurin kakanta. Ina daga madafi na ji Malam ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi idan ya samu mai saurare. Na ce to, an taɓo shi, yau sai Mai Rumbu Tara ya fito.

Ni ba wanda ya tambaye ni. Amma idan ana neman wanda littafi ya juya wa rayuwa a gidan nan, a zo wurina, ni da ban taɓa buɗe shi ba, kuma na haddace shi kaf don dole.

Malam mijina da girmansa ya koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci. Littafin farko da ya iya kai wa ƙarshe shi kaɗai, wani ɗan siriri ne mai koren bango da ya sayo a kasuwar Rano. Bai sake gama wani ba, bai ma nema ba. Labarin wani manomi ne mai rumbu tara. Yunwa ta faɗo wa garinsu, sai ya riƙa buɗe rumbunan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya zo ya ɗiba, ba awo ba tambaya. Ranar da na taran ya ƙare ruwa ya sauko, mutanen gari suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu suka nome masa gona, da kaka ya cika rumbu goma sha takwas. Iyakar labarin ke nan. Wanda ya rubuta shi, ko ma wane ne, na rantse bai taɓa tsayawa a bakin murhu yara suna kallon hannunsa ba.

Tun muna sabon aure na taɓa tambaya. Na ce, "Malam, da ya rabar da na taran, me ya shuka?"

Ya ce, "Asabe, ke matsalarki ba kya zurfafa tunani. Ai darasi ake nufi."

"To matarsa fa?"

"Tana nan."

Tana nan ɗin kuwa. Sau ɗaya ta fito a littafin, ta kawo wa baƙi ruwa a ƙwarya ta koma. Ko suna ba a ba ta ba.

Shekarar da nake son faɗa, yanzu ta haura arba'in. Uwani 'yata ta fari tana da shekara huɗu, ƙanenta yana goye. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fid da kai, rabin zangarniya ta bushe ba ƙwaya. Mu rumbu biyu gare mu, ba tara ba. Ɗaya ya samu kamar rabi, ɗayan ɓeraye ma sun raina shi. Malam ya zaɓi kyawawan zangarniyar farar dawa, farfara, ya ɗaure daban, aka rataye mini a saman murhu don hayaƙi ya hana ƙwari. Wannan shi ne iri. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ba abinci ba ne, ko da ido ba a cinsa.

Da lissafina, in an kama hannu, rabin rumbun nan zai kai mu har sabon gero. Sai dai ba ni ke shiga rumbu ba. Namiji ke hawa ya ciro dami ya miƙo, mace ta karɓa ta yi shiru.

Malam yana da al'ada, bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a zaure ya karanta littafinsa da ƙarfi. Shekarun ƙoshi mutum uku ko huɗu ke zama, su ma don inuwa. Da bazarar nan ta kama, sai zaure ya cika har waje. Wai duk garin nan an wayi gari ana son karatu. Shugaban masu son ilimin shi ne Ɗanjuma dillali, mutumin da ko lambar da ke jikin buhu sai an karanta masa. Da an fara zai jingina da bango ya yi barcinsa, baki buɗe, ƙuda na shiga suna fita. Amma kunnensa ya san wurin da ake buɗe rumbu. Daidai nan zai farka ya ce, "Allahu akbar. Malam, wannan ai kai aka rubuta." Shi ya fara kiransa Mai Rumbu Tara, sauran suka ɗauka. Ina jin su ta katanga. Malam zai yi 'yar dariya ya ce a'a, a'a, ni wa, sannan in ji ƙarar tsani a jikin rumbu.

Ka ga babban mutum mai gemu, mai hankali a kan komai, wanda in rigimar iyakar gona ta tashi shi ake kira, amma an same shi da suna guda. Haushin da nake ji ba na kyautar ba ne kawai. Yadda yake tafiya in ya shigo gida ne, ƙirji a gaba, yana taku irin na wanda ake kallo.

Ga yadda yini yake a cikin gida. Da asuba in tafi rijiyar tsakar gida, wadda sau biyu muna ƙara wa guga igiya, in jawo ruwa rabinsa laka, in ajiye ya kwanta. In sussuke abin da aka ba ni, in sheƙe, in surfa. Dusar da a da akuya ke ci, yanzu a tukunya take ƙarewa, don akuyoyin ma an kai su kasuwa tun farkon zafi. Da safe kunu, tsararo, kana ganin gindin kwano ta cikinsa. Da rana in dama wa Uwani garin ɗorawa, bakinta ya yi rawaya, ta sha ruwa a kai cikinta ya ɗauka ta ci abinci. Da yamma tuwo, daga baya ya koma yau a yi gobe a huta, ranar hutun a dafa ganyen yaɗiya da zogale a yayyafa gishiri. Zafi kuwa, duwatsun Rano ke haɗiye rana su yi ta amayo mana ita har bayan magariba. Tabarma zafi, bango zafi, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Goyona ya cika da ƙuraje, nonona ya ja baya. Ƙyanda ta shigo gari tana bin gida gida.

Na yi magana. Ba sau ɗaya ba. Na ce, "Malam, rumbun nan fa yana amsa kuwwa."

Ya ce, "Wanda ya ba mu jiya yana nan."

Na ce, "Yana nan. Shi ne kuma Ya ba mu hankali."

Sai ya ɗauko littafin daga aljihu, ya lashi yatsa, ya nemo mini shafin da mutumin ya buɗe rumbu na bakwai, ya karanta mini a tsaye a tsakar gida, Uwani tana jan zanena tana cewa Inna tuwo. Da na san inda marubucin nan yake zaune, da na goya yarana na kai masa su ya ciyar.

Ranar da na ji tsintsiya a cikin rumbu na san an zo ƙarshe. Malam ya sauko da 'yar ƙwarya, tsakuwa ta fi ƙwaya yawa. Ya shigo madafi, abin da ba ya yi, ya tsaya yana kallon saman murhu.

Ya ce, "Wannan zai kai kwano nawa?"

Na ce, "Iri ne."

"Na sani. Tambaya na yi."

Ya fita. Ni kuwa na san wannan kallon, kuma na san a littafinsa saura rumbu ɗaya.

Kwana biyu kafin nan wana da nake bi, direban babbar mota ne tsakanin Rano da Kano, ya biyo ya ajiye mini ɗan garin rogo. Kowa ya ga zuwansa. A lokacin kuma jar hodar nan da malaman gona ke cewa a cakuɗa da iri ta fara shigowa ƙauyuka, mutane suna tsoronta ƙwarai. An ce wani gida a Yalwa kajinsu sun tsattsagi irin da aka sa wa, ba wadda ta kai yamma. Ni kuma sana'ata saƙar faifai, da karan dafi nake rina kaba ta yi ja. Jan ɓawon kara ne kawai, har masu jego ana dafa wa don ƙarin jini. Sunan ne mai ban tsoro.

Washegari Malam ya tafi Kibiya gaisuwar mutuwa. Yana fita na sauke irin, na sussuke, na sheƙe. Na tafasa karan dafi da kanwa har ruwan ya yi ja wur, na bari ya huce, na yayyafa, na murza da hannu, na baza a tabarma bayan ɗaki. A ranar nan ko azahar bai kai ba ya bushe ƙayau. Na juye a tukunya na rufe da faifai. Farar dawa ta koma ja, tafin hannuna ma haka.

Da ya dawo ya ɗaga kai bai ga komai a saman murhu ba. Na buɗe masa tukunyar.

Ya ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Na sa masa dafi."

"Wanki ne ya kawo miki hodar?"

Na ce, "A dai kula kada yara su zo kusa."

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ban yi ƙarya ba, dafi na ce, kuma dafi na sa. Wannan wayon na masu sayar da goro ne, ni ma na sani. Malam ya yi tsaye har na zaci zai ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ƙarshe ya ce, da wata murya kamar an yi masa mutuwa, "Asabe, kin rufe mini rumbu na tara." Ka ji fa. Ba cewa ya yi me za mu ci ba.

Da la'asar ya sanar a zaure. Kwana uku tsakani son ilimi ya bar garinmu. Ɗanjuma ya gano cewa inuwar zauren wani Alhaji mai injin niƙa ta fi sanyi. Malam ya karanta wa mutum biyu, ya karanta wa ɗaya, daga baya in na leƙa sai in gan shi shi kaɗai, leɓe na motsi. A gari kuma aka sa mini nawa sunan. Matar da ta zuba wa abinci guba don kada a ci. Ban damu ba. Muka rayu a kan garin rogon nan da ganye da ɗan abin da faifaina ke kawowa.

Akwai abin da marubucin bai sani ba, ko ya sani ya tsallake. Kyautar mai gida ta zaure take fita, kuma maza take samu. Mace mai buƙata ba ta tsayawa a zaure cikin maza. Sai ta haƙura, ta haƙura, har abin ya kai mata wuya, sannan ta shigo wurin 'yar'uwarta mace. Lokacin kuwa masu baki sun riga sun siɗe.

Bayan katangarmu akwai Yaya Tabawa. Mijinta mutumin Zinyau ne, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Talatu, sa'ar wasan Uwani. Da dakau take ci da su, ta daka wa mutane hatsi a ba ta ɗan abu, to a shekarar wa ke da abin dakawa? Duk damin da ya fita daga rumbunmu, ko zangarniya ɗaya ba ta shiga gidanta ba. Wata hantsi ta yi sallama ta shigo, ta tsuguna a bakin madafi, ta daɗe tana gaisuwa. Talatu ta yi ƙyanda, ƙurajen sun kwanta, amma bakinta duk gyambo, ba ta iya haɗiyar ganye.

Ta ce, "Asabe, ko cikin tafi ɗaya ne. In yi mata ɗan kunu mai laushi."

Idonta yana kan tukunyar. Ni ma nawa yana kai.

Na yi lissafi a tsaye, kuma har yau in na sake yi haka yake fitowa. In tafi ɗaya ya fita aka sha ba a mutu ba, kafin magariba mata sun sani, kafin isha maza sun sani, gobe Ɗanjuma ya dawo son karatu, kafin Juma'a tukunya ta koma wanke. Ruwa ya sauko ba abin shukawa, baɗi kuma ni ce zan tsuguna a bakin madafin wata.

Na ce, "Yaya Tabawa, wannan da dafi."

Ta ce, "Na ji an faɗa. Na ɗauka ko kin rage wani a gefe."

"Ban rage ba."

Na kankare mata garin rogon da ya saura a gindin kwano, bai cika ludayi biyu ba. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Ki ɗaga tukunyar nan sama, Asabe. Uwani akwai kai hannu."

Kwana shida bayan nan aka fita da Talatu a 'yar tabarma. Ban ce kunu zai tashe ta ba. Yara da yawa sun tafi a bazarar, har a gidajen da ake tuƙa tuwo kullum. Na faɗa wa kaina wannan ya fi a ƙirga. Na shiga na yi gaisuwa, na zauna a gefe, na ɓoye tafin hannuna a cikin mayafi don jan bai gama fita ba. Malam ya dawo daga maƙabarta ya zauna ya yi tagumi, ya ce da a ce da sauran abu a rumbu da yarinyar nan ba ta rasa kunu ba. Ina riƙe da taɓarya a lokacin. Na ajiye ta a hankali na shiga ɗaki.

Ruwa ya zo wata Laraba da yamma. Iska ta fara, mai sanyi, ta kwashe mini faifai biyu ta haura katanga da su. Sannan ɗigo manya manya, kowanne in ya faɗi sai ƙasa ta yi tsuwwa. Ƙamshin nan ya tashi, wanda ke sa mai ciki son cin ƙasa. Sai ya ɓarke. Indararo ya yi ta zuba, na jera duk abin da ke riƙe ruwa, Uwani ta tuɓe ta shiga tana tsalle da haƙarƙarinta a waje. Kafin gari ya waye ƙasa ta jiƙu har zira'i, kwaɗi sun fito daga inda suka ɓuya.

Da asuba kowa ya kama hanyar gonarsa. Malam kuwa ya yi wanka, ya sa riga, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna. Jiran mutanen gari yake. Ranar shuka, wa ke zuwa gonar wani? Ko yaron goye ya san wannan, amma a littafi an zo, don haka za a zo. Ina leƙe ta ƙofar zaure Ɗanjuma ya wuce, sungumi a kafaɗa, ƙwarya cike da iri a ka. Nasa irin, fari tas, wanda ya adana a ɗakinsa duk watannin da yake cin namu. Ya ɗaga hannu bai ko rage tafiya ba.

"Mai Rumbu Tara, an ga ruwa."

Malam ya amsa masa, wallahi ya amsa, har da Allah Ya ba da sa'a.

Da hantsi ya yi na ɗaura goyo, na ɗora tukunya a ka, na kama hannun Uwani, na fito ta zaure na wuce shi. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Rurum ban taɓa taka gona ba, mu matan kulle ne. Ranar ban nemi izini ba. Na yi nisa kaɗan na ji takunsa a baya, ya tuɓe rigar, ya ɗauko sungumi.

Bari in faɗi ƙarshen da Malam yake so tun yanzu in huta. Dawar ta yi. Damina ta zauna, muka cika rumbu ɗaya har da rabin na biyu, kuma da kaka zaurenmu ya sake cika da masu son ilimi. Har gobe in ya ba da labarin a nan yake tsayawa: ya bayar, Allah Ya mayar, kamar yadda aka rubuta. Har gobe sunansa Mai Rumbu Tara daga nan zuwa Kibiya, yara ma da ba su san mafarin ba haka suke kiransa. Yana wurin, ya ga komai da idonsa, amma ya iya tsallake shafi.

Ni nawa ƙarshen a gonar yake. Na ajiye tukunyar a gindin ɗorawa, na zaunar da Uwani, na ɗebi iri a ƙwarya. Malam yana gaba yana sara, ina biye ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige. Ban iya ba, ina ta zuba da yawa, ga goyo, ga jiri. Ba mu yi layi biyar ba na hango mace tana tahowa ta kan iyaka, a hankali, da 'yar ƙwaryarta. Yaya Tabawa ce. Ta rame har zane ya zagaye ta sau biyu.

Ta ce, "Sannunku da aiki. Na ji an ce ku biyu ne. Ni ba ni da abin shukawa, zaman ɗakin kuma ya ishe ni."

Duk garin nan, ita kaɗai. Malam ya yi ta sa albarka. Ta ɗaure hannunta da tsumma kafin ta taɓa irin, ta ce ni ma in ɗaure, kada in shafa wa yaro a baki. Na ɗaure. Muka jera, ita ta fi ni sauri nesa ba kusa ba, ƙwaya huɗu huɗu kamar tana ƙirgawa.

Rana ta ɗaga, ƙasa ta fara tururi. Ina sunkuye na ji ƙwarya ta faɗi, na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Yaya Tabawa ce take gudu zuwa gindin ɗorawa. Uwani ta buɗe tukunya, kumatunta cike, jan miyau yana bin haɓarta. Tun jiya da rana ba abin da ya shiga cikinta.

Kafin in ɗaga ƙafa ta isa. Ta buge hannun yarinyar, ta kifa ta a cinya, ta zura mata yatsu har maƙogwaro. Uwani tana kakari tana shure-shure, ita kuma tana cewa, "Tofar, tofar, 'yar nan, tofar." Ta ɗago tana kiran Malam ya nemo nono ko manja, ko wane gida ne. Malam ya yar da sungumi yana salati yana juyi a wuri ɗaya. Farcenta ya yanki dasashin yarinyar, jini ya haɗu da jan. Da ta ga aman bai fito da yawa ba sai ta saɓa ta a kafaɗa, matar da iska ke iya kayarwa, ta nufi hanyar Kibiya wai asibiti, tana tuntuɓe a kan kunya tana cewa, "Ba za a yi biyu ba. Wallahi ba za a yi biyu ba."

Ina tsaye da tsumma a hannu. Na so ƙasar nan da ta jiƙu ta buɗe in shige. Na bari ta yi taku goma, ina neman wata hanya, babu.

Na ce, "Yaya Tabawa, sauke ta."

Ba ta ji ba. Na ɗaga murya.

"Sauke ta. Ba hoda ba ce. Karan dafi ne, na rinin faifai."

Ta tsaya. Malam ya bar salati yana kallona, baki sake. Ba abin da ake ji sai kukan Uwani da kurciya a kan ɗorawa.

Ta sauke yarinyar a hankali, ta goge mata baki da bakin zanenta, ta shafa kanta har ta yi shiru. Sannan ta dawo inda ƙwaryarta ta faɗi, ta tsuguna, ta tsince irin da ya zube a laka ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko ƙwaya ba. Ta kwance tsumman hannunta ta yar. Ta ɗebi kaɗan a tafinta, ta duba, ta watsa a baki. Ta daɗe tana taunawa, idonta a kaina, ina jin ƙarar ƙwayar a haƙoranta. Ta haɗiye.

Ta ce, "Ashe ana ci."

Sannan ta sunkuya ta ci gaba da jefa iri a ramukan da Malam ya sara, ba ta ɗago ba har muka kai ƙarshen gonar.